Burtali, Gazet da EIA: Tarihin Kalmomin da ke Riƙe da Hanyoyin Rano da Kibiya

A ƙasar Amurka akwai wani asusun gwamnati da aikinsa kawai shi ne gyara hanyoyin ƙafa, da na keke, da na dawaki, da na babura a cikin dazuzzuka da duwatsu. Duk mai son ya ci gajiyar asusun sai ya koyi wasu kalmomi: wane aji hanyarsa take, kaso nawa zai kawo daga aljihunsa, wane irin nazarin muhalli za a yi kafin a sa magirbi a ƙasa. Wanda bai san kalmomin ba, kuɗin zai wuce shi.

Mu a nan ba mu da irin wannan asusun. Amma muna da hanyoyin, kuma sun girmi Amurkar kanta. Tsakanin Rano da Kibiya, daga Rurum zuwa Saji, daga Tarai zuwa Fammar, akwai turbobi da burtaloli da mutane da dabbobi ke bi kullum zuwa gona, kasuwa, makaranta da mashaya. Su ma akwai kalmomin da ke yanke musu hukunci: wasu na gado ne, wasu Turawan mulki suka kawo, wasu kuma sun zo tare da bashin Bankin Duniya. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya, domin idan aikin titi ko na noman rani ya iso ƙauye, da waɗannan kalmomin ake tantance wanda za a saurara da wanda za a biya.

Sunayen da muka gada

Bahaushe bai taɓa kiran kowace hanya da suna ɗaya ba. Turba ita ce siririyar hanyar ƙafa. Gwadabe babbar hanya ce mai faɗi, ta fatake da ayari. Kwararo na cikin gari ne, tsakanin gidaje. Burtali hanyar dabbobi ce da ke ratsa gonaki, galibi da shinge dama da hagu, na aguwa ko bini-da-zugu ko ƙaya. Labi shi ma hanyar shanu ce, amma ya fi karkata ga wadda ke bi ta daji. Kalmar burtali tana da 'yar'uwa a Fulatanci, wato burtol, abin da ke nuna cewa al'ummomin biyu sun daɗe suna magana a kan abu ɗaya.

Kowane suna yana ɗauke da doka. Da an ce burtali, manomi ya san ba ya shuka a ciki, makiyayi kuma ya san in saniyarsa ta tsallake shinge akwai biyan ɓarna. Da an ce mashaya, an san ba a toshe hanyar zuwa gare ta. Da an ce hurumi, an san fili ne na gari gaba ɗaya: wurin kiwo, wurin itace, maƙabarta ko filin idi. Kalmar hurumi daga Larabci ta samo tushe, kuma malaman fiƙihu sun yi bayani a kan filin da ke kewaye da gari ko rijiya wanda ba a mallaka wa mutum ɗaya. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi a kan hukuncin ƙasar da ba ta da mai ita da yadda ake mallakarta, mai suna Ta'alimur Radi.

Rano ba baƙuwa ba ce a wannan tsari. Tana cikin Hausa Bakwai, kuma a labarin gargajiya ita da Kano ake kira sarakunan baba, saboda rini da saƙa. Kayan rini ba sa kai kansu kasuwa, sai da hanya. Kudancin Kano na kan mashigar Zazzau, shi ya sa fatake da jakunansu suka riƙa ratsa yankin suna yada zango. Ta wannan ɓangaren ne ma rundunar Turawa ta biyo daga Zariya a farkon 1903, ta ci Bebeji, kafin ta shiga Kano a ranar 3 ga Fabrairu.

To wa ke biyan kuɗin gyara a wancan zamanin? Gumin mutane. Mai unguwa ko dagaci zai sa a yi shela, a fito aikin gayya, a sare ƙaya, a cike kwazazzabo. Rikicin iyaka kuwa dagaci da ardo ko sarkin Fulani ne ke zama a kai, in ya gagara a tafi gaban alƙali. Shaidar burtali ita ce tsohuwar bishiya, da shinge, da ƙwaƙwalwar dattawa. Ƙarfin tsarin ke nan, kuma rauninsa ke nan: ranar da dattijon ya rasu, aka sare bishiyar, shaida ta tafi.

Zuwan gazet

Mulkin mallaka ya kawo sabuwar ƙa'ida: abin da ba a rubuta ba, da wuya hukuma ta gan shi. Dokar ƙasa ta 1910 ta sanya filayen Arewa gaba ɗaya a hannun Gwamna, ya riƙe su a madadin mutanen ƙasa, aka sake tabbatar da haka a 1916. Daga nan kalmar gazet ta shigo. Gazet jaridar gwamnati ce da ake buga dokoki da sanarwa a ciki. Fili ba ya zama gandun daji a idon doka sai an buga shi a gazet da iyakokinsa.

Yadda ake kafa gandun daji a ƙarƙashin dokokin daji na 1916 da 1937 yana da darasi har yau. Za a fitar da sanarwa, a naɗa jami'in da zai saurari duk mai iƙirarin yana da haƙƙi a wurin. Wanda ya zo ya ce kakanninsa ta nan suke wucewa zuwa rafi, ko nan suke ɗebo itace da zuma, in an gamsu sai a rubuta haƙƙin a jikin takardar kafa gandun. Wanda bai zo ba, haƙƙinsa ya faɗi. Nan ne aka fara rubuta abin da lauyoyi ke kira haƙƙin wucewa, wato izinin bi ta cikin filin da ba naka ba. A kudu da Rano da Kibiya, dajin Falgore ya fara ne a matsayin gandun dajin Kogin Kano a shekarun 1940, aka ɗaga shi zuwa gandun namun daji a shekarun 1960. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 900. Bambancin sunayen biyu ba ƙarami ba ne: na farko itace yake karewa, na biyu ya ƙara da namun daji, don haka ya fi tsananta wa mafarauci da makiyayi.

A ɓangaren kuɗi, kalmomin zamanin su ne jangali da baitulmali. Makiyayi na biyan jangali a kan kowace saniya, kuɗin na shiga baitulmalin En'e. Ke nan hukuma na da dalilin aljihu na son shanu su ci gaba da zuwa, kuma hanyarsu ta kasance a buɗe. Wannan ba ya nufin jangali adalci ne; an yi zalunci sosai wajen karɓarsa, shi ya sa talakawa suka yi murna da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979. Sai dai kafin nan, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya riga ya raba sarakuna da ikon gudanarwa. Aka wayi gari dagaci na da sanin inda burtali yake amma ba shi da iko, ƙaramar hukuma na da iko amma ba ta da abin da ke ɗaure ta da burtalin.

Gwamnatin Jihar Arewa ta yi ƙoƙarin rubuta haƙƙin makiyaya da dokar wuraren kiwo ta 1965. Adadin da hukumomi suka saba ambata shi ne wuraren kiwo 415 a faɗin Najeriya, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka buga a gazet. Ga kalmomi biyu da ake yawan rikitawa: shatawa da bugawa a gazet. Shatawa ita ce safiyo ya auna, a kafa turakun siminti. Bugawa a gazet ita ce ba wa wurin matsayi a doka. Wurin da aka shata ba a buga ba, gobe ana iya yanka shi filaye. Lokacin da Shugaba Buhari ya ce a 2021 za a koma gazet a dawo da hanyoyin kiwo, lauyoyi da dama sun tuna masa cewa dokar 1965 ta Arewa ce kaɗai. Muhawarar ta nuna yadda kalma ɗaya ke iya ɗaukar nauyin ƙasa baki ɗaya.

Dokar 1978 da ma'anar diyya

A ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, wadda har yau ita ce uwa. Ta damƙa filayen kowace jiha ga gwamna. A karkara, ƙaramar hukuma kamar Rano ko Kibiya na iya ba da takardar haƙƙin zama na al'ada, har hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo; fiye da haka sai da yardar gwamna.

Sashe na 28 ya ba gwamna ikon karɓe fili saboda buƙatar jama'a da ta rinjayi ta mutum ɗaya, kamar titi, dam ko makaranta. Sashe na 29 kuma ya yi maganar diyya, kuma a nan ne mutane da yawa ke shan mamaki. Abin da ake biya shi ne abin da ka ɗora a kan ƙasar wanda bai gama amfani ba: gini, rijiya, bishiyoyin da ka dasa, amfanin gona da ke tsaye. Ƙasar kanta, a idon wannan doka, ba taka ba ce balle a saya a hannunka.

Yanzu ka auna burtali da wannan ma'auni. Ba gini, ba shuka, ba mai takarda. Hanyar da garke ɗari ke bi duk shekara, a takardar mai ƙiyasin diyya kuɗinta sifili ne. Haka turbar da mata ke bi zuwa rijiya. Asarar tana nan, amma ba ta da layi a fom.

Tiga: aikin da ya riga dokar muhalli

Babu abin da ya sauya fuskar wannan yanki a ƙarni na 20 kamar dam ɗin Tiga, wanda gwamnatin Audu Bako ta gina a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da fari ya addabi Sahel. Tafkin ya mamaye wajen murabba'in kilomita 178. Babbar magudanar ruwa ta taso daga can ta biyo ta Ruwan Kanya, ta shayar da aikin noman rani na Kogin Kano a Kadawa, Kura da Bunkure, wanda aka tsara zangonsa na farko a kan hekta 22,000. Tumatirin Kwanar Gafan da shinkafar Kura 'ya'yan wannan ruwa ne, haka wani kaso na ruwan shan birnin Kano. An ma yi tunanin shaƙatawa: an gina otal ɗin Rock Castle a Tiga, da na tafkin Bagauda, ga kuma duwatsun Rurum da aka daɗe ana lissafa su cikin wuraren yawon buɗe ido na jihar.

Amma a lokacin babu dokar da ta tilasta a zauna a rubuta abin da aikin zai taɓa. An tashi ƙauyuka, ruwa ya rufe gonaki da fadamu da hanyoyin da ke haɗa su. Magudanar siminti kuwa, duk inda ba a yi mata mahaya ba, katanga ce ga garken shanu. Can ƙasa, a dausayin Haɗejiya da Nguru, ambaliyar damina da manoma, masunta da makiyaya suka dogara da ita ta ragu, ruwan da ke gudana duk shekara kuma ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin ruwa. A 1998 masana biyu, Edward Barbier da Julian Thompson, sun wallafa lissafin da ya nuna cewa ribar noman ranin sama ɗan ƙaramin kaso ne kawai take rufewa na asarar da dausayin ke yi.

Wannan ba hujja ba ce ta cewa da ba a gina Tiga ba. Abin lura shi ne, tambayoyin da aka yi bayan shekara 20 da an yi su tun farko, da an tsara sakin ruwa da mahayan dabbobi tun a takarda, lokacin da gyara ke da araha. Aikin nazarin muhalli ke nan a taƙaice.

Daga ina kalmomin nazarin muhalli suka zo?

Asalinsu Amurka ne. Bayan malalar man fetur a gaɓar Santa Barbara da gobarar da ta tashi a kan kogin Cuyahoga, duk a 1969, Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar muhalli da ake kira NEPA a ranar 1 ga Janairu 1970. Dokar ta ce duk babban aikin gwamnatin tarayya sai an rubuta tasirinsa ga muhalli kafin a yanke shawara. Ƙa'idojin da suka biyo baya a 1978 sun raba ayyuka hawa uku. Hawa na farko shi ne rukunin da aka yafe wa dogon nazari, saboda gogewa ta nuna ba ya yin illa mai yawa. Yawancin gyaran hanyoyin ƙafa a nan suke faɗawa. Hawa na biyu gajeren nazari ne, wanda in ya nuna babu babbar illa sai a fitar da takardar da suke kira FONSI, a ci gaba da aiki. Hawa na uku shi ne cikakken rahoto, EIS, mai jin ra'ayin jama'a da kwatanta zaɓuɓɓuka, har da zaɓin barin aikin gaba ɗaya.

Najeriya kuwa guba ce ta farkar da ita. A 1988 aka gano cewa an jibge sama da tan 3,000 na sharar masana'antu mai guba daga Italiya a garin Koko, a Jihar Bendel ta wancan lokaci. Kafin shekarar ta ƙare gwamnatin Janar Babangida ta kafa dokar hana shigo da shara mai guba, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta FEPA. A 1992 aka yi doka ta 86, ta nazarin tasirin aiki ga muhalli, wadda kowa ke kira EIA. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta gaji aikin a 1999, aka kafa NESREA a 2007 don tilasta bin ƙa'idoji.

Dokar na da jerin ayyukan da nazari ya zama dole a kansu. Akwai dam ko tafkin da ya kai hekta 200, da aikin ban ruwa na hekta 5,000, da share daji hekta 500 don noma. Akwai kuma wuraren shaƙatawa: otal ko wurin hutu a kan tsauni da ya kai hekta 50, da duk ginin yawon buɗe ido a cikin gandun daji na ƙasa. Tafkin Tiga ya ninka ma'aunin hekta 200 fiye da sau 80. Da yau za a gina shi, babu ta yadda zai tsallake.

Matakan kuma ga su da Hausa. Tantancewa: a duba aikin a sa shi a rukuni na 1, na 2 ko na 3, daga mai buƙatar cikakken nazari zuwa wanda aka yafe wa. Shata iyakar nazari: a yanke abubuwan da za a bincika da yankin da za a duba. Bayanan asali: a rubuta yadda wurin yake kafin aiki, ruwansa, ƙasarsa, itatuwansa, mutanensa da hanyoyinsu. Rage illa: matakan da mai aiki ya yi alƙawari, kamar gada, kwalbati ko dashen itace. Sai baje rahoto: ana ajiye shi kwana 21 na aiki a wuraren da aka sanar, ciki har da sakatariyar ƙaramar hukuma, don jama'a su karanta su yi magana.

Mataki na biyu da na uku su ne wurin da burtali ke rayuwa ko ya mutu. In masu nazari sun zo da rani suka ga fili fayau, ba wanda ya gaya musu cewa da damina nan ce kaɗai mafitar shanu tsakanin gonaki, ba zai shiga bayanan asali ba. Abin da bai shiga can ba, ba zai samu matakin rage illa ba, kuma ba zai samu kuɗi a kwangila ba. Rahoton kuma da Turanci yake, shafuka ɗaruruwa. Kwana 21 ba su da yawa ga wanda sai an fassara masa.

Kalmomin kuɗi

Mu koma asusun Amurka. An kafa shi a dokar sufuri ta 1991, kuma tun 1998 ake kiransa RTP. Tunanin da ke bayansa mai sauƙi ne: masu babura da motocin daji suna biyan harajin mai alhali ba kan titi suke ƙona shi ba, don haka a mayar da wani kaso ga hanyoyin da suke bi. Kuɗin na kai wajen dala miliyan 84 a shekara. Kowace jiha sai ta kashe kashi 30 a hanyoyin masu inji, kashi 30 a na marasa inji, kashi 40 a hanyoyin da ake tarayya. Sai ta kafa kwamitin shawara da ɓangarorin biyu ke ciki, in ba haka ba babu kuɗi. Galibi tarayya na ɗaukar kashi 80, mai aiki ya kawo sauran, kuma ana iya lissafa aikin sa-kai da kayan da aka bayar kyauta a cikin kasonsa. Wato aikin gayya a can yana da farashi a takarda. Sannan tsarin na kashe-naka-a-biya-ka ne: ka yi aikin, ka kawo rasit, a mayar maka.

Duk waɗannan kalmomi suna da 'yan'uwa a nan. Kason haɗin gwiwa shi ne abin da jiha za ta ajiye kafin a saki na mai ba da tallafi. Kowa ya san labarin kuɗin UBEC da ke kwanciya a Abuja saboda jihohi ba su kawo nasu rabin ba. Asusun kula da muhalli an kafa shi a 1981 da kashi 1 na asusun tarayya, aka mai da shi kashi 2 a 1992, don zaizayar ƙasa, ambaliya da hamada. Akwai RAAMP, na hanyoyin karkara da kasuwanni, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 kuma Kano na ciki. Akwai ACReSAL na dala miliyan 700, da aka amince da shi a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Akwai KSADP na Jihar Kano da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, wanda ya haɗa da aikin wurin kiwo na Dansoshiya a Kiru da shata burtaloli. A kula: da yawan kuɗin irin waɗannan shirye-shirye bashi ne mai sauƙin ruwa, ba kyauta ba. Jikokinmu na cikin masu biya, don haka tambaya haƙƙinmu ce.

Kuɗin Bankin Duniya na zuwa da nasa ƙamus. Da can yana raba ayyuka A, B da C. Tun Oktoba 2018 yana amfani da ma'aunai 10 da matakan haɗari huɗu. Ma'auni na 5 ya fi dokar 1978 faɗi ta fuska uku. Yana neman a biya kuɗin maye gurbi, wato abin da zai isa ka sake samun irin abin da ka rasa. Yana lissafa wanda ba shi da takarda. Kuma yana ɗaukar toshe hanyar zuwa wurin kiwo ko wani abin tarayya a matsayin asara. Amma akwai tarko: ranar rufe rajista. Ita ce ranar da aka gama ƙidayar waɗanda aiki zai shafa. Wanda ya bayyana bayan ranar, sai ya sha wahalar tabbatar da cewa da ma yana nan. Makiyayin da ya tafi cin rani da garkensa shi ne ya fi kowa haɗarin faɗawa wannan rami. Maganinsa shi ne kwamitin sauraron koke, wanda dole kowane irin wannan aiki ya kafa, kuma dole ya rubuta kowane ƙorafi da amsarsa.

Abin da wasu suka yi da nasu burtalolin

Ƙasar Sifen tana da hanyoyin tumaki tun zamanin ƙungiyar makiyaya ta Mesta da sarki ya amince da ita a 1273, kuma manyansu faɗinsu ya kai wajen mita 75. Da kiwon ƙaura ya ja baya, aka fara cinye su. A 1995 aka yi dokar da ta mai da su dukiyar jama'a da ba a sayarwa, wajen kilomita 125,000, ta ba dabbobi fifiko, sannan ta halatta tafiyar ƙafa da hawan keke da doki a kansu. Burtali ya zama hanyar shaƙatawa ba tare da ya daina zama burtali ba, ya kuma samu sababbin masu kare shi daga birni. A Ingila, dokar 1949 ta wajabta wa hukumomin yanki su zana taswirar duk hanyoyin da jama'a ke da haƙƙin bi, kuma taswirar hujja ce a kotu. Maƙwabciyarmu Nijar ta kafa tsarin dokar karkara a 1993 da kwamitocin filaye har matakin ƙauye, ta ƙara da dokar kiwo a 2010. A yankin Maraɗi za ka ga turakun siminti jere a gefen hanyoyin dabbobi. Ƙungiyar ECOWAS ma tun 1998 ta amince da ƙa'idar ƙetare iyaka da dabbobi.

Darasin ɗaya ne a duk wuraren nan: sunan da mutane ke kiran hanya da shi ya shiga taswira da doka. A Rano da Kibiya sanin yana nan a raye, wajen dagatai, ardo-ardo da tsofaffin manoma, kuma tun 2024 masarautar Rano ta ƙunshi Rano, Kibiya da Bunkure, ƙasar da ba ta fi ƙarfin a zagaye ta ba. Ɗalibin jogirafi da wayar hannu mai GPS, tare da dattawa biyu daga ɓangaren manoma da na makiyaya, zai iya auna burtalolin mazaɓa ɗaya cikin 'yan makonni. Wannan taswira ba gazet ba ce, amma ita ce abin da za a ɗora a kan tebur ranar da masu nazari suka zo.

In kuma aiki ya riga ya iso, ga abin da ya kamata a tambaya a taron masu ruwa da tsaki. A wane rukuni aka sa aikin, kuma wa ya sa shi? Ina aka baje rahoton, daga yaushe zuwa yaushe? An rubuta burtali, mashaya da turbobinmu a bayanan asali? Yaushe ce ranar rufe rajista? Da wace doka za a auna diyya, ta 1978 ko ta mai ba da bashi? Wa ke riƙe da littafin koke? A nemi a rubuta amsoshin a takardar taro, a karanta su da Hausa, sannan a sa hannu.